Yaya ake shirin rajistar ƙuri'ar bizar H-1B idan kamfanin bai taɓa nema wa kowa ba?

Nura:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga mu shiga wannan harka, musamman wanda ya bi hanyar tun daga farko har ƙarshe, ko wanda aikinsa ne kula da takardun ma'aikata a wani kamfani.

Na kammala digiri na biyu a fannin injiniyan gine-gine a wata jami'ar gwamnati a nan Amurka a watan Mayun 2025, kuma yanzu ina aiki da izinin OPT, wato izinin aiki na wucin gadi da ake ba ɗalibai baƙi bayan kammala karatu, a wani ƙaramin kamfani mai ma'aikata kusan ashirin. Izinin nawa zai ƙare a watan Yulin 2026. Shugaban kamfanin ya gaya mini da bakinsa cewa yana so in ci gaba da aiki da su, kuma ba ya ƙin ya nema mini bizar H-1B, wato bizar aiki ta ƙwararru, sai dai bai taɓa yi wa kowa ba, saboda haka ya ce in binciko abin da ake bukata in kawo masa a rubuce kafin ƙarshen wannan wata na Janairun 2026.

Abin da na sani bai wuce cewa ana buɗe rajista a watan Maris, sannan a yi ƙuri'a ba. Ina so in san abin da ya kamata ya kasance a hannu kafin a buɗe, nawa ne kamfanin zai kashe, kuma wane ɓangare ne ya rataya a wuyana. Akwai kuma abubuwa uku da suke damuna. Fasfona zai ƙare a watan Agustan 2026, kuma sunana a cikinsa bai yi daidai da yadda aka rubuta shi a takardar shaidar digirina na farko ba, domin a ɗaya Mohammed ne, a ɗayar kuma Muhammad, sannan an sauya wurin sunan mahaifina. Sai maganar da ake ta yaɗawa ta biyan dala 100,000 a kan neman H-1B, wadda nake tsoron idan shugaban kamfanin ya ji ta ba tare da bayani ba zai janye. Na ƙarshe, wani abokina ya haɗa ni da wani mutum da ya ce idan na biya shi wasu kuɗi zai sa sunana ta hannun kamfanoni huɗu ko biyar domin damata ta ƙaru. Hankalina bai kwanta da shi ba, amma ina so in ji daga waɗanda suka sani. Allah ya saka da alheri.

Malam Kabiru:

Wa'alaikumus salam, Malam Nura. Ka yi dabara da ka tayar da maganar tun a Janairu, domin ba a fafe gora ranar tafiya, kuma kwanakin rajistar kansu 'yan kaɗan ne. Doka ta ce kada su gaza kwana goma sha huɗu, kuma a 2025 an buɗe ranar 7 ga Maris aka rufe ranar 24 ga watan.

Abu na farko da za ka fahimtar da shugaban kamfaninku shi ne cewa wannan neman nasa ne, ba naka ba. Ma'aikaci ba ya iya yi wa kansa rajista. Kamfanin ne zai buɗe asusu na ƙungiya a shafin hukumar kula da shige da fice da zama ɗan ƙasa, wato USCIS, shi ne zai shigar da sunanka, shi ne kuma zai sa hannu cewa akwai aiki na gaskiya da yake jiranka. Wannan ya bambanta da ƙuri'ar girin kad da mutanenmu suka fi sani, wadda kowa yake cike wa kansa fom. Yawancin kamfanoni lauya suke ɗauka, shi ya shirya rajistar daga nasa asusun, wakilin kamfanin kuma ya duba ya amince daga nasa. Ina ba da shawara ku nemi lauyan da aikinsa ke nan, ba lauyan da yake rubuta wa kamfanin kwangiloli ba, kuma ku neme shi a wannan watan, saboda da Fabrairu ta raba tsakiya waɗanda suka ƙware aiki ya yi musu yawa.

Ga yadda lissafin yake. Dokar shige da fice ta 1990 ce ta kafa wannan biza, kuma gurbin da ake bayarwa a shekara 65,000 ne, sai ƙarin 20,000 da aka keɓe wa waɗanda suka yi digiri na biyu ko sama da haka a Amurka. Daga cikin 65,000 ɗin ma an ware 6,800 ga 'yan Chile da Singafo saboda yarjejeniyar kasuwanci da ke tsakaninsu da Amurka. Ana fara zaɓe ne a babban rukunin da kowa yake ciki, har da masu digiri na biyu, sannan waɗanda ba su fito ba daga cikin masu digiri na biyun a sake jefa su a rukunin 20,000. Ka ga ke nan kana da dama sau biyu, muddin jami'arka ta gwamnati ce ko mai zaman kanta da ba ta neman riba, kuma hukuma ta amince da ita. Tunda ka ce taka ta gwamnati ce, wannan ba zai zama matsala ba, amma ka tabbata an nuna digirin na biyu a rajistar.

Bayan an rufe, hukumar kan sanar da sakamako zuwa 31 ga Maris, kuma a asusun kamfanin da na lauyan ake ganinsa, kai ba za a aiko maka da komai ba. Wanda aka zaɓa, kamfaninsa yana da akalla kwana casa'in daga 1 ga Afrilu ya shigar da cikakkiyar takardar neman, wato fom I-129 da duk hujjojinsa, kuma aiki a matsayin H-1B ba ya farawa kafin 1 ga Oktoba, ranar da shekarar kuɗi ta gwamnatin Amurka take farawa. Kafin a shigar da I-129 sai an samu amincewar Ma'aikatar Ƙwadago a kan wata takarda da ake kira LCA, wadda a cikinta kamfanin yake alkawarin biyanka albashin da bai gaza na takwarorinka a wannan sana'a a wannan yanki ba. Amincewar kan ɗauki kwana bakwai na aiki. Sai dai ga kamfanin da bai taɓa nema ba, wani lokaci ma'aikatar kan tsaya ta tantance lambar harajinsa ta tarayya, wanda yake ƙara wasu kwanaki, don haka lauyan da ya san aikinsa zai sa a yi wannan tantancewar tun kafin sakamako ya fito.

Mutane da yawa suna ɗaukar fitowa a ƙuri'a a matsayin samun biza, alhali izini ne kawai na shigar da takarda. Bayan nan ne jami'i zai zauna ya duba ko aikin da gaske yana bukatar digiri a wani fanni takamaimai, ko naka digirin ya dace da aikin, da kuma ko kamfanin yana da aikin da zai ba ka. Yana iya amincewa, yana iya aiko da takardar neman ƙarin hujja, yana iya ƙi.

Game da kuɗi, rajistar kanta dala 215 ce a kan kowane mutum. Da aka fara ta intanet a 2020 dala 10 ce, a 2025 aka fara karɓar sabon kuɗin, kuma ba a mayarwa ko an zaɓe ka ko ba a zaɓe ka ba. Idan ka fito, kamfanin da ma'aikatansa ba su wuce 25 ba zai biya dala 460 na fom I-129, da dala 750 na asusun horar da ma'aikatan Amurka, da dala 500 na yaƙi da zamba, da dala 300 na shirin masu neman mafaka. Jimla dala 2,010 ke nan, ban da kuɗin lauya. Manyan kamfanoni sun fi haka biya. Idan ana son amsa cikin kwana goma sha biyar na aiki akwai tsarin gaggawa, wanda kuɗinsa ya haura dala 2,800, amma ba dole ba ne. Kada ka yi tayin biyan waɗannan kuɗaɗe daga aljihunka don ka sauƙaƙa wa shugaban kamfanin, ko da kuwa kunya ta sa ka ji ya kamata. Dala 750 ɗin nan da dala 500 ɗin an haramta a karɓe su daga ma'aikaci ta kowace hanya, sauran kuma kuɗin gudanar da kamfani ne da ba a yarda a cire su daga albashinka ba idan hakan zai sa ya faɗi ƙasa da abin da aka yi alkawari.

Maganar dala 100,000 gaskiya ce, amma ba kowa ta shafa ba. Shugaba Trump ne ya sa hannu a kan sanarwar ranar 19 ga Satumbar 2025, ta fara aiki ranar 21 ga watan, an kuma ba ta wa'adin wata goma sha biyu sai dai in an tsawaita. Bayanin da USCIS ta fitar a watan Oktoban 2025 ya nuna cewa kuɗin yana hawa kan sabuwar takardar da aka shigar wa mutumin da yake wajen Amurka, ko wadda aka nemi a karɓi bizar a ofishin jakadanci, amma ba ya hawa kan wanda yake cikin ƙasar da halastaccen matsayi aka nema masa sauyin matsayi kuma aka amince. Kai ɗalibi ne mai bizar karatu ta F-1 a cikin ƙasar, don haka kana cikin waɗanda kuɗin bai hau kansu ba, in dai ka kiyaye matsayinka. Ka rubuta wa shugaban kamfanin wannan da kanka kafin ya ji rabin labarin a wani wuri, sannan ka bar lauya ya tabbatar masa.

Hajiya Bilkisu:

Malam Kabiru ya yi bayani mai gamsarwa, Allah ya ƙara sani. Ni a sashen kula da ma'aikata nake aiki, kuma duk shekara ina zama tare da lauyoyinmu a kan waɗannan rajistoci, saboda haka zan tsaya a kan abin da nake gani yana kawo cikas, sannan in ƙara wani abu da nake ganin ya fi komai muhimmanci a bana.

Ƙanena Nura, ka fara da fasfo. Tun daga rajistar 2024 hukumar ta koma zaɓen mutum maimakon zaɓen rajista, kuma lambar fasfo ce take gane mutum da ita. Dole fasfon ya kasance bai ƙare ba a ranar rajista, kuma da fasfo ɗaya za a yi maka, ko da kana da na ƙasashe biyu. Naka da zai ƙare a Agusta yana da rai a watan Maris, don haka ana iya yin rajista da shi. Idan ka sabunta bayan rajista lambar za ta canja, amma hukumar tana karɓar bayani idan aka haɗa kwafin tsohon da na sabon a cikin takardar neman. Abin da ba na so ya same ka shi ne ka miƙa fasfon don sabuntawa a Fabrairu, a soke tsohon, sabon kuma bai iso ba har a rufe rajista. Ka zaɓi ɗaya: ko ka nema yau ɗin nan idan kana da tabbacin zai fito kafin Maris, ko ka bari sai an gama rajista ka nema nan take. Ko wanne ka zaɓa, ka ɗauki hoton shafin bayanai na tsohon fasfon ka ajiye, ka kuma sanar da lauya.

Sunan da za a rubuta shi ne wanda yake cikin fasfo, harafi da harafi, ba wanda kake so a kira ka da shi ba. Idan Mohammed ne a fasfo, Mohammed za a sa, kuma abin da aka rubuta a gurbin sunan iyali shi ne sunan iyalinka a wurin hukumar, ko da a gida kowa ya san sunan mahaifinka ne ko na garinku. Bambancin da ke takardar digirinka na farko ba zai hana rajista ba, tunda ba a ɗora wata takarda a wannan mataki. A lokacin I-129 ne lauya zai haɗa bayani ko takardar rantsuwa da ke nuna mutum ɗaya ne, kuma tunda digirin na biyu na nan Amurka ne, a kansa za a fi dogara. Ka duba ranar haihuwa ido da ido kafin wakilin kamfanin ya danna amincewa. A nan wata ake fara rubutawa kafin rana, wanda aka haifa 4 ga Yuli zai ga 07/04, kuma na taɓa ganin wani matashi ya aiko mana da tasa ranar a yadda ya saba rubutawa, ma'aikaciyar da ta shigar ta ɗauka watan Afrilu ne. Allah ya sa an gano kafin a rufe, aka goge aka sake biyan kuɗi. Idan aka gyara ta hanyar sake shigarwa ba tare da an goge ta farkon ba, kamfanin ya yi wa mutum ɗaya rajista biyu ke nan, kuma hukuncin wannan shi ne a soke duka biyun.

Inda nake so in yi ƙari a kan maganar Malam Kabiru shi ne batun albashi, domin ya ambace shi a matsayin abin da ake yi bayan sakamako, alhali daga bana ya dawo gaba. A ƙarshen Disambar 2025 Ma'aikatar Tsaron Cikin Gida ta fitar da sabuwar ƙa'ida da za ta fara aiki ranar 27 ga Fabrairun 2026, wadda ta sa ƙuri'ar ta daina zama daidai wa daida. Ma'aikatar Ƙwadago ta kasa albashin kowace sana'a a kowane yanki zuwa mataki huɗu. Wanda albashin da aka yi masa tayi ya kai mataki na huɗu, sunansa sau huɗu zai shiga, na uku sau uku, na biyu sau biyu, na ɗaya kuma sau ɗaya. Saboda haka tun a rajista sai kamfanin ya faɗi rukunin sana'ar, da wurin da za ka yi aikin, da matakin da albashinka ya kai.

Abin da wannan yake nufi a gare ka shi ne ka zauna da lauya da shugaban kamfanin ku buɗe alƙaluman Ma'aikatar Ƙwadago na injiniyoyin gine-gine a yankinku, ku ga inda albashinka ya faɗa. Sabon injiniya yakan faɗa mataki na ɗaya ko na biyu. Idan ya kasance tazarar da ke tsakaninka da mataki na gaba 'yan dubbai ce a shekara, kuma dama lokacin ƙarin albashinka ya kusa, to magana ce da ta cancanci a yi ta yanzu, cikin ladabi, da alƙaluma a hannu. Amma ƙarin ya zama na gaskiya. Kamfanin da ya rubuta babban albashi a rajista sannan ya zo da ƙarami a I-129, ko ya rubuta wani gari mai arhar albashi alhali a wani wuri za a yi aikin, yana jawo wa kansa ƙin amincewa ko soke amincewar daga baya.

Ku kuma rubuta bayanin aikin tun yanzu. Ƙananan kamfanoni sun saba da cewa mutum ɗaya yana yin komai, sai su rubuta cewa kana zane, kana zuwa wurin gini, kana amsa waya, kana sayen kaya. Jami'in da ya karanta haka zai tambaya ko aikin yana bukatar digiri. A rubuta ainihin aikin injiniyan da kake yi: lissafin nauyin da gini zai ɗauka, zanen tsari, manhajojin da kake amfani da su, da kason lokacin da kowane ɓangare yake ci. Idan jiharku tana bukatar lasisi ga irin aikin, a nuna cewa kana aiki a ƙarƙashin injiniya mai lasisi.

Injiniya Sagir:

Zan tsaya a kan mutumin nan da abokinka ya haɗa ka da shi, Malam Nura. Ka rabu da shi, kada ka ba shi kuɗi, kuma fiye da kuɗin, kada ka ba shi hoton fasfonka.

Dabarar da yake tallata maka ta yi aiki a da. A rajistar 2023 an shigar da sunaye sama da 780,000, kuma fiye da rabin waɗanda suka cancanta na mutanen da aka yi wa rajista fiye da ɗaya ne, abin da ya sa hukumar ta canja tsarin. Da aka koma ƙirga mutum sau ɗaya, adadin rajistocin da suka cancanta ya faɗo zuwa kusan 470,000 a 2024, sannan kusan 344,000 a 2025. Yanzu ko kamfani goma suka sa sunanka, damarka ba ta ninkuwa. A sabon tsarin albashi ma cutarwa ce, domin idan mutum yana da rajista fiye da ɗaya, mafi ƙanƙantar mataki daga cikinsu ake ɗauka. Kamfaninka na gaskiya zai iya sa ka a mataki na biyu, wani kamfanin bogi ya sa ka a na ɗaya, ya rage maka dama da kuɗinka.

Bayan haka, kowace rajista tana ɗauke da shaidar rantsuwa cewa akwai aiki na gaskiya, kuma kamfanin bai haɗa baki da wasu don ƙara wa mutum dama ba. Idan bincike ya kai ga waɗannan kamfanoni, sunanka yana cikin takardunsu, kuma tabon zamba a harkar shige da fice yana iya hana mutum biza har abada. Idan wani kamfani daban ya yi maka tayin aiki na gaskiya, babu laifi shi ma ya yi maka rajista, wannan doka ta yarda da shi.

Nura:

Na gode ƙwarai, Malam Kabiru, Hajiya da Injiniya. Na riga na gaya wa abokina ya ba mutumin haƙuri. Fasfon kuma zan bar shi sai bayan rajista, kamar yadda Hajiya ta nuna, domin ba ni da tabbacin zai fito kafin Maris.

Saura tambaya biyu. Izinina yana ƙarewa a Yuli, H-1B kuma sai Oktoba, to yaya zan yi da watannin da ke tsakani, kuma idan ban fito ba gaba ɗaya ina mafita? Sannan na yi niyyar zuwa gida Babbar Sallah tare da maiɗakina, wadda take nan da bizar F-2 ta iyalan ɗalibai, domin mahaifiyata ta daɗe ba ta gan mu ba. Ko tafiyar za ta iya taɓa wannan neman?

Dakta Hadiza:

Malam Nura, zan fara da tafiyar domin ita ce ta fi haɗari, duk da na san ba amsar da kake so ka ji ba ce. Babbar Sallar bana za ta faɗo ne a ƙarshen watan Mayu, wato tsakiyar lokacin shigar da I-129. Idan ka fito a ƙuri'a, aka shigar da takardarka da buƙatar sauyin matsayi, sannan ka fita daga Amurka kafin a yanke hukunci, hukumar tana ɗauka ka yi watsi da buƙatar sauyin. A shekarun baya sakamakon wannan bai wuce ka je ofishin jakadanci ka karɓi biza ka dawo ba. Yanzu kuwa hakan yana iya fitar da kai daga rukunin da Malam Kabiru ya ce kuɗin nan na dala 100,000 bai shafa ba, kuma ƙaramin kamfani mai mutum ashirin ba zai biya wannan ba.

Akwai kuma batun dawowa. Sanarwar shugaban ƙasa ta 16 ga Disambar 2025, wadda ta fara aiki 1 ga Janairun 2026, ta dakatar da ba 'yan Najeriya sababbin bizar ziyara da ta karatu da ta musaya da ta ƙaura, 'yan Nijar kuma an dakatar da su gaba ɗaya. Ban tambaye ka fasfon wace ƙasa kake riƙe da shi ba, amma ka buɗe shi ka duba ranar ƙarewar bizar F-1 da aka manna a ciki, ka duba ta maiɗakinka. Zama a cikin Amurka da bizar da ta ƙare ba laifi ba ne muddin I-20, wato takardar shaidar ɗalibta da jami'a take bayarwa, da izinin aikinka suna da rai, amma fita da ita yana nufin sai an ba ka sabuwa kafin ka shigo. Ra'ayina shi ne ku yi wa mahaifiyarka bayani tun yanzu, ku ɗage tafiyar, kada ku sayi tikiti sai lauya da jami'in kula da ɗalibai baƙi na jami'arku sun duba takardunku.

Watannin da ke tsakanin Yuli da Oktoba doka ta tanadar musu. Idan aka shigar da takardarka da buƙatar sauyin matsayi tun izinin OPT yana da rai, matsayinka na F-1 da izinin aikinka suna tsawaita da kansu. A da tsawaitawar tana tsayawa ne a farkon Oktoba, amma ƙa'idar da ta fara aiki ranar 17 ga Janairun 2025 ta kai ta har 1 ga Afrilu na shekara mai zuwa idan ba a yanke hukunci ba. Sharaɗin shi ne a shigar kafin izinin ya ƙare, don haka ka nemi lauya ya shigar a Afrilu ko farkon Mayu, kada a jira ƙarshen Yuni. Ka kai wa jami'ar takardar shaidar karɓa domin su ba ka sabuwar I-20 da ke nuna tsawaitawar, saboda ita ce kamfanin zai ajiye a fayil ɗinka. Maiɗakinka kuma ana shigar mata da fom I-539 tare da taka takardar domin ta koma H-4, matsayin iyalan mai H-1B, kada a manta da ita.

Idan ba ka fito ba, kana da abin da da yawa ba su da shi, domin fanninka yana cikin fannonin kimiyya da fasaha da injiniya da lissafi da ake ƙara wa wata ashirin da huɗu a kan OPT. Wannan zai kai ka Yulin 2028, ka shiga ƙuri'ar 2027 da ta 2028. Amma ƙarin yana da sharaɗin da ƙananan kamfanoni suke yawan rasawa: dole kamfanin ya kasance yana cikin tsarin E-Verify na gwamnati da ake tantance izinin aikin ma'aikata da shi, kuma ku cike fom I-983 na tsarin horo tare da mai kula da aikinka. Shiga E-Verify kyauta ne, sai dai sai kamfanin ya yarda ya riƙa tantance duk sababbin ma'aikatansa ta nan, saboda haka ka sa wannan a cikin takardar da za ka kai wa shugabanku a wannan watan, kada ka bari sai sakamako ya fito. Ana iya neman ƙarin tun saura kwana casa'in izinin ya ƙare, wato a Afrilu a gare ka, kuma lauyoyi da dama suna ba da shawarar a nema ko da mutum ya fito a ƙuri'a, don gudun kada a ƙi takardar H-1B ya rasa duka biyun. Rashin fitowa a Maris ma ba ya nufin an rufe shekarar nan take, domin a 2023 da 2024 an yi zagaye na biyu a tsakiyar shekara daga cikin sunayen da suka rage, ko da yake a 2025 ba a yi ba.

Ni ta wata hanya na samu tawa, wadda ba ta bi ta ƙuri'a ba. Jami'o'i, da ƙungiyoyin da ba na riba ba masu alaƙa da su, da cibiyoyin bincike na gwamnati ko waɗanda ba na riba ba, duk ba sa cikin gurbin 85,000, kuma suna iya shigar da takarda a kowane wata. Albashinsu yakan gaza na kamfanoni, sannan wanda ya so komawa kamfani daga baya sai ya shiga ƙuri'a kamar kowa. Duk da haka, ga injiniyan gine-gine akwai cibiyoyin binciken sufuri da na kayan gini a jami'o'in jihohi da dama, kuma yana da kyau ka riƙa duba guraben da suke tallatawa tun daga bana, ka kuma ci gaba da hulɗa da malamin da ya kula da bincikenka na digiri na biyu, domin irin waɗannan guraben ta hannunsu aka fi jin labarinsu.